Baƙin hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru: me ƙidayar tsuntsaye ke faɗa game da rabon ruwa?

Babu manomin ƙasar Hausa da bai san shamuwa ba. Ranar da aka ga ta sauka a kan tsamiyar tsakiyar gari an san damina ta ƙarato, idan kuma aka yi girbi sai a neme ta a rasa, ta bi ruwan sama zuwa gabashi da kudancin Afirka. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a daidai lokacin da take yi mana sallama wasu baƙin ke sauka, su kuma daga wata nahiya suke. Tun daga Satumba har Nuwamba, agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da wasu ƙanana da ba su cika tafin hannu ba suna barin Turai da yammacin Sibiriya, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, su sauka a fadamun Sahel. 'Yan ci-rani ne sosai: sanyi ya daskarar da ruwan garinsu, abinci ya ɓace, sai su zo inda ake samu, su koma gida idan bazara ta kama. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2009 ya ce ƙananan tsuntsayen da ke wannan tafiya kowace shekara sun kai kimanin biliyan 2, ban da agwagi da sauran manyan na ruwa.

A Najeriya babban masaukinsu shi ne fadamun Haɗeja da Nguru, tsakanin jihohin Jigawa da Yobe da wani ɓangare na Bauchi. An lissafa nau'in tsuntsu 377 a wurin. A ƙidayar watan Janairu ta 1995 da 1996 da 1997, tsuntsayen ruwan da aka samu sun kama daga kimanin 200,000 zuwa kusan 325,000 a shekara. Duk wanda ya je kallo a cikin hunturu zai ga abin mamaki, amma ni abin da ya fi ɗaukar min hankali shi ne abin da adadin yake nufi. Yawan agwagin da aka gani a Janairu shaida ce ta yadda aka raba ruwan kogi tun a watan Agusta, tsakanin na sama da ke Kano da na ƙasa da ke Guri da Nguru da Gashuwa.

Ƙasar da ruwa ke ɓata hanya

Koguna biyu ne suka yi wannan fadama. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kusa da Wudil su zama kogin Haɗeja, shi kuma kogin Jama'are ya gangaro daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi. Da sun wuce garin Haɗeja sai ƙasa ta kwanta, ga kuma tsofaffin tuddan yashi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta kai nan. Ruwa ba ya samun miƙaƙƙiyar hanya, sai ya rabu gida-gida, ya bi tsakanin tuddan, ya malala ya cika tafkuna da kududdufai. Abin da ya tsira daga rana da yashi shi ke haɗuwa kafin Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi.

A tsarin da Allah Ya yi wurin, ruwa kan cika a Agusta da Satumba, sannan ya fara ja da baya a hankali har rani ya yi nisa. Wannan zuwa da tafiyar ita ce dukiyar. Kifi yana hayayyafa a cikin ciyawar da ruwa ya shanye. Ana noman shinkafa a cikin ruwan, idan ya ja a bi danshin da wake da kayan lambu. Fulani suna gangarowa da shanu su ci ɗanyar ciyawar da ta fito a bayan ruwa lokacin da ko'ina ya bushe. Abin da ya nutse cikin ƙasa kuma shi ke cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da bakin kogi. Tsuntsun da ya taso daga Rasha yana isowa ne daidai lokacin da ruwan ya fara ja, ya tarar da taɓo mai laushi, da ƙwayar ciyawa, da 'ya'yan bado, da ƙwari, da shinkafar da ta zube bayan girbi.

An keɓe wasu sassa da sunan kariya. Akwai mafakar tsuntsaye ta Dagona kusa da Gashuwa, wadda ke cikin Gandun Daji na Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, akwai kuma dajin Baturiya a Jigawa. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2000. Dagona da Baturiya sun shiga a 2008. Ita wannan yarjejeniya an sa mata hannu ne a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairun 1971, kuma biyu daga cikin ma'aunanta na tsuntsaye ne kai tsaye: wurin ya kasance yana ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 ko fiye a kai a kai, ko kuma kashi 1 cikin 100 na dukkan wani jinsi. Sai da ƙidaya ke nan ake cika waɗannan ma'aunai biyu.

Masu gida da baƙi

Mai kallo na farko yakan rikice, domin baƙi da masu gida a cakuɗe suke. Kirinjijiya mai farar fuska da ke tashi garke-garke tana fito, da ɗinya, da balbela, da zalɓe, da jinjimi, waɗannan an saba da su. Wasu daga cikinsu ma sukan yi tasu ƙaurar a cikin nahiyar, suna bin inda ruwa yake.

Cikin baƙi, wadda ta fi yawa ita ce wata ƙaramar agwagwa da Turawa ke kira gargani. Namijinta yana da farin zane da ya tashi daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya, sai dai a Janairu da yawansu ba su gama sauya gashi ba, sai wajen Fabrairu da Maris zanen ke fitowa fes. Ita ce agwagwar Turai da kusan dukkan jinsinta ke barin nahiyar a lokacin sanyi. Akwai kuma agwagwa mai tsinin wutsiya, doguwar wuya gare ta, namijin da kai ruwan ƙasa da farin ƙirji. Sai tsuntsun raf, wanda ke yawo dubu-dubu a gonakin shinkafar da aka girbe. A can inda yake hayayyafa namijin kan fitar da wata geza mai launi a wuya, su taru a fili suna rawa da faɗa don jan hankalin mata. Mu a nan ba ma ganin wannan ado, a tuɓe yake zuwar mana, launin toka-toka, ba wanda zai kalle shi sau biyu. Akwai farar shamuwar Turai mai jan baki da jajayen ƙafafu, wadda ta fi tamu girma nesa ba kusa ba. A cikin ciyayi da bishiyoyin gawo da bagaruwa kuwa ƙananan ne ke ɓuya, irin waɗanda nauyinsu bai wuce giram 10 zuwa 15 ba.

A Ingila kallon tsuntsaye a lokacin sanyi harka ce babba. A Slimbridge da ke bakin kogin Severn, inda Peter Scott ya kafa mafakar tsuntsayen ruwa a 1946, mutane kan biya kuɗin shiga su zauna cikin rumfunan katako masu ƙananan tagogi suna kallon wasu manyan fararen tsuntsaye masu dogon wuya da suka taso daga arewacin Rasha. Tun 1964 ake zana yadda baƙi da rawaya suka tsaru a bakin kowannensu, saboda babu biyu masu iri ɗaya, har suna ake raɗa musu. Amma duk kuɗin mutum da tsadar madubinsa da wuya ya ga gargani a can a Janairu. Ko a lokacin hayayyafa ma ƙalilan ne ke zama a Birtaniya, ganin guda ɗaya labari ne. Masuncin Nguru kuwa yana tura kwale-kwalensa ta gefen dubbansu da sassafe, ko ɗaga kai ba ya yi.

Yadda aka san daga ina suke

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke shiga da sanyi ba, har akwai masanan da suka rubuta cewa tsattsewa cikin taɓon tafki take nutsewa ta yi barci. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka same ta da mashin Afirka a soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. Har yau gawarta na ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa. Wannan dabarar ce ta buɗe hanyoyin ƙaurar ɗaya bayan ɗaya, kuma har yanzu ana amfani da ita duk da zuwan ƙananan na'urorin da tauraron ɗan'adam ke bi. Maharbi ko masuncin da ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa kada ya ɗauka tsafi ne ko leƙen asiri. Lamba ce da adireshin cibiyar da ta sanya shi, kuma suna son a sanar da su inda aka same shi da ranar.

Abin da ya ɗaure Turai da Sahel da igiya ɗaya ya bayyana ne a 1969. A bazarar wannan shekara masu ƙidaya a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ke cika kowane shinge, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. An duba maganin ƙwari, an duba yanayin ƙasar, ba a ga dalili ba. Sai a 1974 masu bincike suka nuna cewa ƙarancin ruwan sama a Sahel a daminar 1968 ne ya kashe su. Farin da ya zo ya halaka dabbobi da mutane a farkon shekarun 1970 ya fara bayyana ke nan a littafin masu ƙidayar tsuntsaye a wata nahiya. An sake ganin irin haka bayan farin 1983 da 1984. Daga baya bincike a Holan ya nuna cewa yawan wani jan zalɓe da ke komawa can yana hawa da sauka ne daidai da girman ambaliyar kogunan Afirka ta Yamma.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin tsuntsu ya tunkari Sahara a Maris ko Afrilu sai ya tara kitse, domin gabansa akwai kilomita 1,500 zuwa 2,000 da babu abin dogaro. Wasu ƙananan sukan kusan ninka nauyinsu. Tun a shekarun 1960 masu bincike suka auna irin wannan ƙiba a Malam Fatori da ke bakin Tafkin Chadi. Matsalar ita ce lokacin tara kitsen ya faɗo a ƙarshen rani, lokacin da fadama ta fi bushewa. Idan ambaliyar bara ta yi ƙaranci, ruwan ya ƙafe tun Janairu, tsuntsun zai tashi da rabin guzuri ya faɗi a hamada.

Kallo da ƙidaya

Janairu aka zaɓa domin a lokacin tsuntsayen sun zauna, masu zuwa sun gama zuwa, masu komawa ba su fara ba, don haka ba a cika ƙidaya garke ɗaya sau biyu a ƙasashe biyu ba. An fara wannan ƙidaya ta duniya a 1967, ɓangaren Afirka ya kankama a 1991, kuma ƙungiyar Wetlands International ce ke tattara sakamakon. A makon da wani ke rawar sanyi a bakin tafki a Holan da littafinsa, wani na tsaye a bakin Dagona cikin hazo yana irin aikin.

Aikin na sammako ne. Ana fita kafin rana ta ɗaga, a sa ta a baya don kada ta kashe ido, domin da hantsi ya yi hazo da ƙyallin ruwa sukan mayar da kowane tsuntsu baƙin ɗigo. Ba a ƙirga garke ɗaya-ɗaya. Mai ƙidaya kan ware goma da ido ta madubin hangen nesa, ya ga faɗin da suka ci, ya auna ɗari da shi, sannan ya bi garken ɗari-ɗari ko dubu-dubu. Mutum biyu su yi daban-daban, a gwada. Sabon hannu kusan kullum ragewa yake yi idan garke ya yi girma. Kuma ba a tayar da su don a ɗauki hoto mai kyau, ko da yake masu kyamara na yawan yi. Kowane tashi na firgici kitse ne ya ƙone, wanda ake tarawa don Sahara.

Baƙon da ya zo kallo ya fara da gaida bulama ko mai unguwa da sarkin ruwa, ya nemi ma'aikatan gandun idan Dagona zai shiga, ya kuma tambayi halin hanya kafin ya taso. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: masuncin da ke kwana a kan ruwa ya fi kowane taswira sanin tafkin da agwagi suka koma a makon nan.

Wani abu da mai kallon rana ba ya gani shi ne, gargani da mai tsinin wutsiya da dare suke kiwo. Da rana taruwa suke a buɗaɗɗen ruwa su huta, magariba na yi su watse zuwa kududdufai da gonakin shinkafa masu nisa. Tafkin Dagona da aka sa a jerin Ramsar hekta 344 ne kacal. Ɗakin kwana ne, abincin yana waje, a gonakin mutane da makiyayarsu. Ko an kewaye tafkin da waya an zuba masu gadi, idan fadamar da ke kewaye ta bushe ba za a ga agwagwa ba. Shi ya sa nake ganin duk maganar kare tsuntsayen nan da ta tsaya a kan iyakar gandu wasa ce.

Adadin kansa yana iya yaudara. A shekarar fari tsuntsaye kan cunkushe a 'yan tafkunan da suka rage, mai ƙidaya ya ga taro ya yi murna, alhali suna cikin wahala ne. A fadamar kogin Neja da ke Mali an lura cewa a irin waɗannan shekarun ne aka fi kama su da raga ana kai wa kasuwar Mopti. A shekarar ruwa kuma sukan bazu inda mota ba ta shiga, adadin ya faɗi a takarda. Wani lokacin sun koma Tafkin Chadi ne, inda rashin tsaro ya daɗe da hana ƙidaya yadda ya kamata. Sakamakon shekara ɗaya ba ya tabbatar da komai. Sai an jera na shekaru da yawa, a wurare iri ɗaya, da hanya iri ɗaya, an kuma ajiye shi kusa da ma'aunin faɗin ambaliya, sannan yake magana.

Dam, kacalla da jan-baki

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ba don mugunta aka gina su ba. Birnin Kano na buƙatar ruwan sha, ga aikin noman rani na Kadawa da na kwarin Haɗeja, kuma duk wanda ya ci tumatir ko shinkafar Kura ya amfana. Amma dam yana yin abu biyu ga na ƙasa da shi. Yana riƙe ruwan damina, sai ambaliya ta ragu. A shekarun da suka gabaci Tiga ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau, bayan dam da fari kuwa an yi shekaru da dama bai kai rabin haka ba. Na biyun ya fi ɓoyuwa: dam yana sakin ruwa da rani domin masu ban-ruwa, sai kogin da a da yake bushewa ƙaf na wasu watanni ya koma gudana duk shekara.

Wannan na biyun ne ya haifi kacalla. Ciyawa ce mai son ƙafarta a ruwa kullum. A da rani ke kashe ta, yanzu babu mai kashe ta. Ta cika hanyoyin ruwa, ta rage masa gudu, yashi da taɓo suka kwanta, hanyoyin suka toshe. Tsohuwar hanyar kogin Haɗeja da mashigin Burum Gana suka shaƙe, yawancin ruwan ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon ya zo a birkice: a wani gefen gonaki da makiyaya sun nutse shekara da shekaru, a wani gefen kuma garuruwan da suka saba da ambaliya suna kallon busasshiyar ƙasa. Idan aka yi damina mai ƙarfi irin ta 2022, ruwan da ya rasa hanya sai ya faɗa gidajen mutane.

A cikin kacallar ne jan-baki ke kwana yana hayayyafa. Idan aka yi wa manomin Guri ko Kirikasamma maganar kare tsuntsaye ya ɓata rai, yana da hujja, domin tsuntsun da ya sani shi ne wanda ke sauka kamar hadari ya cinye masa shinkafa da gero cikin 'yan kwanaki, ya sa yaransa su yini a gona suna kaɗa gwangwani. Sai dai jan-baki ɗan gida ne, bai zo daga Turai ba, kuma abin da yake so ya saba da abin da baƙin ke so. Shi duhun kacalla da ruwan dindindin yake nema. Gargani da raf kuwa buɗaɗɗen ruwa marar zurfi suke so, wanda ke ja yana barin taɓo, irin wanda mai shinkafa da masunci da Bafulatani ke roƙon Allah Ya kawo. Inda kacalla ta ci, agwagwa ta yi asara tare da manomi. Feshin da ake yi wa jan-baki da jirgin sama kuma guba ce da ba ta tantancewa, takan haɗa da shaho da mujiya da duk abin da ya ci gawar, kuma muddin makwancin yana nan za su dawo.

Ba na cewa baƙin ba sa taɓa amfanin gona ko kaɗan, agwagi kan shiga shinkafa. Amma binciken da aka yi a kwarin kogin Senegal ya nuna yawancin abin da raf ke ci zubabbiyar shinkafa ce ta bayan girbi. Farauta ma tana nan, kuma ta yi ɓarna a inda ba a zata ba. Gauraka, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, ta kusan ƙarewa a dajin ƙasar, saboda lalacewar fadamu da kuma kamun da ake yi mata ana sayar wa masu hali su ajiye a tsakar gida don ado. Yau ya fi sauƙi ka gan ta a gidan wani attajiri da ka gan ta a bakin ruwa.

A farkon shekarun 1990 wasu masu bincike uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka zauna suka yi lissafin abin da fadamar ke samarwa ta noma da kamun kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da aikin ban-ruwa na kogin Kano ke samarwa. Idan aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadamar ta yi wa aikin ban-ruwan fintinkau, alhali ba su ma sa kiwo da cika rijiyoyi a lissafin ba. Wannan bincike ya yi suna a duniya, ana koyar da shi. A gida kuwa bai sauya yadda ake buɗe ƙofofin dam ba sosai.

Abin da aka gwada

Ba a zauna haka kawai ba. A 1987 aka kafa shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru, da hannun Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, da ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN. Tsuntsaye ne suka jawo su, amma ba a daɗe ba aikin ya koma na auna ruwa da jayayya a kan rabonsa, domin sun ga inda gizo ke saƙa. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo Dagona a 1989 lokacin yana shugabantar asusun kare namun daji na duniya, WWF, kuma har yau ana ba da labarin zuwan nasa. A 2006 jihohi shida da ke cin ruwan nan, wato Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogunan. Al'ummomi sun yi ta gayya suna yanke kacalla da lauje, gwamnatoci sun sayo injinan yanka. Yanka yana buɗe hanya na ɗan lokaci, amma idan ba a bar kogin ya bushe na wasu makonni a rani ba, tushen yana nan yana jira.

Akwai inda aka gwada gyara daga tushe. A arewacin Kamaru madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta busar da babban ɓangare na fadamar Waza da Logone. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ambaliya ta koma wani sashe, ciyawar kiwo da kifi da tsuntsaye suka biyo ta. A Diawling da ke Muritaniya ma an yi irin haka bayan madatsar Diama ta 1986. Ba a rushe dam ko ɗaya ba, lokacin sakin ruwa da hanyarsa aka gyara. Abin da masana suka daɗe suna nema ga Tiga da Challawa ke nan: a saki ruwa mai yawa a tsakiyar damina ya haɗu da na Jama'are, a kuma tsuke shi a wani yanki na rani.

Masu ƙidayar ma yanzu 'yan gida ne. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 2001, ta yaye ɗalibai da dama, kuma shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da ta fara a 2015 ya jawo matasan Arewa masu fita da madubi da waya suna rubuta abin da suka gani. Wannan ya fi ziyarar kowane basarake amfani, domin baƙo yakan zo sau ɗaya, ƙidaya kuwa sai an maimaita ta kowace shekara.

Babbar tambayar da ta rage tana kan kogin Jama'are. Shi ne har yanzu babu babban dam a kansa, kuma shi ke kawo mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake maganar madatsar Kafin Zaki a Bauchi, an fara aiki an tsaya fiye da sau ɗaya. Mutanen Bauchi na ganin haƙƙinsu ne su yi noman rani kamar yadda Kano ta yi, na Yobe da Borno na tsoron abin da zai biyo baya, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Ra'ayina shi ne, idan har za a gina shi, a rubuta ƙa'idar sakin ambaliya, da yawanta da watanta da wanda zai sa ido, kafin a zuba buhun siminti ɗaya, tun da an ga yadda gyara ya gagara a Tiga bayan an gama gini. A teburin da za a yi wannan ciniki, na ƙasa ba su da alƙaluma masu yawa da za su ajiye, domin ba a cika rubuta kifin da aka kama ko shanun da suka yi kiwo ba. Ƙidayar tsuntsayen Janairu na cikin 'yan bayanan da aka tara tun shekarun 1990, kuma jami'o'in Gashuwa da Dutse, da ke kusa da fadamar, su ya fi dacewa su riƙe ta kada ta yanke.